Jita da jitar cinya a gangar jiki ɗaya: daga ina ake farawa?

Tambaya: Ina da tsohuwar jitar lantarki da gangar jikinta ta tsage, amma wuyan lafiyarsa ƙalau. Ina so in sassaƙa mata sabuwar ganga mai wuya biyu, ɗaya na jita, ɗayan na jitar cinya wadda ake goga wa sandar ƙarfe. Zai yiwu a gida?

Amsa: Zai yiwu, kuma ka riga ka tsallake mafi wuyar aikin tunda wuyan jitar na hannunka. Wuyan jitar cinya katako ne miƙaƙƙe kawai, domin ba a danna tsirkiya ta taɓa shi. Wannan salon kiɗa a Hawai aka fara shi a ƙarshen ƙarni na 19, haɗin da kake nufi kuwa mawaƙin Amurka Junior Brown ya shahara da shi, wanda Michael Stevens ya ƙera masa a 1985.

Kafin ka taɓa zarto, warware maganar riƙo. Jita gaba take kallo, jitar cinya sama take kallo. In ka jera su a shafe ɗaya ka rataya a kafaɗa, sandar ƙarfen za ta riƙa zamewa ƙasa, wuyan hannunka kuma ya ƙage. Shi ya sa Brown yake ɗora tasa a kan maɗori. Yanka siffar a falankin banza, ka kafa wuyan jitar a sama, na cinya a ƙasa, ka jingina a maɗori ka gwada kwana biyu. Ka tabbata hannun hagu na shiga tsakanin wuyoyin biyu ba tare da ya bugi kunnuwan ɗaure tsirkiya ba. Kuskure a nan ba ya gyaruwa.

Ɓangaren cinya ka yi shi da gungume ɗaya tun daga kai har gindi, kaurinsa milimita 45, sannan ka manna gangar jitar a gefensa da gam. Tsirkiyoyinsa shida suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 60, kuma babu sandar ƙarfen da ke miƙar da wuyan jita a cikinsa, saboda haka siririn katako zai lanƙwashe. Maɗaci ya dace, danginsa ma ana ƙera jita da su a ƙasashen waje, sai dai yana da nauyi. Ka rarake gangar ta baya inda babu sukuru. Lallai katakon ya zama busasshe sarai. Ɗanyen katako da aka manna da damina, hunturu na shigowa zai buɗe a bakin gam.

Sai awo. Tsakanin jakin kai da jakin gindi na jitar cinya, wato matokaran da tsirkiyoyi ke hawa a kai da gindi, ka bar milimita 571.5, wato inci 22 da rabi. Layukan da ke nuna muryoyi zane ne kawai, ba ƙarfe ba. Raba tsawon da 17.817 ka sami layin farko, milimita 32.1, cire shi, ka sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. Don ka duba lissafinka, layi na 5 zai faɗo a 143.4, na 7 a 190.1, na 12 a tsakiya cif. Jakin gindi a miƙe yake, ba a karkata shi kamar na jita.

Guntun alminiyom mai kusurwa ya isa jakuna biyun. Tsirkiyoyi su tashi kamar milimita 10 daga katako, tazarar kowace da 'yar'uwarta 9.5. Ga abin da ake yawan mantawa: saman tsirkiyoyin ne zai zo daidai, ba ƙasansu ba. Mai kauri ramin da za ka goga mata ya fi zurfi. Ɗora sandar a kansu kusa da kai, ka kaɗa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi zizar ƙudan zuma ta yi ƙasa, sandar ba ta zauna mata ba. Ɗaurin da ya fi yawa shi ne C6, muryoyinsa daga mai kauri: C, E, G, A, C, E, da kaurin .036, .030, .026, .020, .017 da .015 na inci ko kusa da haka. Tsirkiyar jita ta yau da kullum ba za ta yi ba, wata ta saki, wata ta tsinke.

Ɓangaren jita kuwa, auna daga jakin kai zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, ka ninka biyu. A nan sirdin siririyar tsirkiya, wato inda take hawa a jakin gindi, zai zauna, da ƙarin milimita ɗaya zuwa biyu. In wuyan irin na kamfanin Fender ne, zai ba ka milimita 648, ramin da wuyan zai zauna kuma zurfinsa milimita 16. Ja zare biyu a gefunan wuyan kafin ka huda wa jaki rami.

Wajen waya, kowane wuya ka ba shi maganaɗisunsa na ɗaukar sauti da maɓallin ƙararsa, su haɗu a makunni mai matsayi uku, mafita ɗaya. Maɓalli 250k ga maganaɗisu mai naɗi ɗaya, 500k ga mai naɗi biyu. Matsayin tsakiya ba shi da amfani sosai: sautin yana raguwa, wuyan da ba ka kaɗawa kuma yana amsawa da kansa. Tsinken soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi yana kashe wannan amon. Jakuna biyun na gindi duka ka kai musu wayar ƙasa. In ka kunna amfilifaya ka ji gunji, ka taɓa tsirkiyar jita ya ɗauke, ka taɓa ta cinya bai ɗauke ba, to wayar ba ta kama alminiyom ɗin ba. Dalma ba ta kama alminiyom; kankare wurin, ka danne wayar da sukuru.

Kada ka shafa fenti sai ka ɗaura tsirkiyoyi goma sha biyun, ka kaɗa mako guda, ka sake ɗora ma'auni a kan gungumen ka ga ko ya motsa.