Shin Koyarwar Konfushiyas ce Ta Ɗaga Sin da Singafo?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sha jin cewa sirrin bunƙasar ƙasar Sin da Singafo shi ne koyarwar Konfushiyas, wadda ta hori talakawa da bin na gaba ba tare da musu ba. Na kuma ji wai mabiya tafarkin Tao cewa suke shugaba ya naɗe hannu kada ya yi komai. Haka ne? Kuma me ya haɗa maganar mutanen dā da siyasar yau?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka ji rabin zance ne, kuma rabin da masu mulki suka fi son a ji.

Konfushiyas, masanin falsafa na ƙasar Sin, ya rayu daga shekara ta 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Lu da ke lardin Shandong na yanzu. Yawancin maganarsa kan tarbiyya ce da riƙon jama'a. Lallai ya ce sarki ya tsaya matsayinsa na sarki, ɗa ya tsaya matsayinsa na ɗa. Sai dai nauyin ya fi faɗawa kan na sama. Almajirinsa Zigong ya tambaye shi me mulki ke buƙata, ya ce abinci, da makamai, da yardar talakawa. Aka ce in dole a bar ɗaya fa? Ya ce makamai. Sai na biyu? Ya ce abinci, domin ƙasar da talakawanta suka daina yarda da masu mulkinta ba ta tsayawa.

Wannan shi ne tushen gardamar da aka yi a 1994. Lee Kuan Yew, wanda ya jagoranci Singafo daga 1959 zuwa 1990, ya shaida wa mujallar Foreign Affairs cewa al'adar gabashin Asiya ta fifita iyali da tsari a kan 'yancin mutum ɗaya, don haka dimokuraɗiyya irin ta Amurka ba lallai ta dace da su ba. Kim Dae-jung na Koriya ta Kudu, mutumin da gwamnatin soja ta taɓa yanke wa hukuncin kisa a 1980, ya mayar da martani a wannan mujallar. Bai ɗauko hujja daga Turai ba, ya ɗauko Menshiyas, babban magajin Konfushiyas, wanda ya ce talakawa ne mafi daraja, sarki shi ne na ƙarshe, kuma azzalumin sarki ya zubar da haƙƙinsa na sarauta. Kim ya zama shugaban ƙasa a 1998. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi. Shaidata ita ce sarakunan da kansu sun san zafin waɗannan kalamai: a ƙarni na 14, sarkin da ya kafa daular Ming ya sa aka cire sassa da dama daga littafin Menshiyas don ba su yi masa daɗi ba.

A Sin kuwa, a 1966 matasa magoya bayan Mao, jagoran ƙasar na lokacin, suka lalata kayan tarihi a Qufu, mahaifar Konfushiyas, suna kiransa tushen koma-baya. A 2013 Shugaba Xi Jinping ya ziyarci garin don girmamawa. To in koyarwar kaɗai ce sirrin, me ya hana ta ɗaga ƙasar a ƙarni na 19? Abin da ba a musu shi ne ta bar gado biyu: girmama ilimi, da ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, tsarin da ya daɗe sama da shekara dubu kafin a soke shi a 1905. Tana kuma shiga doka, kamar dokar Singafo ta 1995 da ta ba tsofaffin iyaye damar neman a tilasta wa 'ya'yansu ciyar da su.

Batun Tao kuma, wato wani tsohon tafarkin falsafa na ƙasar Sin, kalmar da ake juyawa ita ce "wu wei". Ba lalaci take nufi ba, nufinta kada a yi wa al'amari dole, kada a cika shisshigi. Laozi, wanda ake danganta wannan tafarki da shi, ya kamanta mulkin babbar ƙasa da dafa ƙaramin kifi, wanda in aka dame shi da juyi sai ya dagargaje. Har Ronald Reagan, shugaban Amurka na lokacin, ya jawo wannan magana a jawabinsa na 1988 don kare manufarsa ta rage sa hannun gwamnati cikin kasuwa. Amma ni ban yarda a mayar da Laozi kakakin 'yan kasuwa ba, domin shi ne kuma ya ce talakawa na kwana da yunwa ne saboda na sama sun cika cin haraji, ya kuma la'anci masu ado da tufafin alfarma alhali gonaki sun zama saura, rumbuna babu komai. Sarakunan da suka fi gwada wannan a aikace su ne Wen da ɗansa Jing na daular Han, tsakanin 180 da 141 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sun sassauta horo, sun guji yaƙe-yaƙe, sun rage harajin gona har ya koma kashi ɗaya cikin talatin na amfanin da manomi ya samu.