Sabuwar bindiga ba ta kai harsashi inda aka auna: za a iya mayar da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, gonata tana wajen Ejura. Na sayi sabuwar bindigar farauta a hannun ɗan kasuwa mai lasisi, takarduna kuma cikakku ne. Da na gwada ta a jikin kwali daga mita 50, sai harsasai suka warwatsu, wasu ma a kwance suka shiga. Mai gyaran bindiga ya leƙa bututun ya ce akwai matsala. Mai shago ya nuna mini rasit, an rubuta cewa abin da aka saya ba a mayarwa. Wani aboki ya ce in sayar wa wani in huta. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kana da haƙƙin mayarwa idan ta tabbata aibin ya riga cinikin. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira khiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da lahani a haja.

Amma kafin ka ɗora wa mai shago laifi, a fara tabbatar da aibin, domin ba kowane kuskuren harbi ne daga bututu ba. Idan harsasai suna taruwa wuri guda, sai dai gefe da inda ka auna, wannan saiti ne, gyaransa ba wuya, kuma ba ya warware ciniki. Haka in kusoshin madubin saiti sun yi sako-sako, ko harsashin da ka sa bai dace da bindigar ba. Cikin bututun irin wannan bindiga akwai tsagi a murɗe, shi ke sa harsashi ya riƙa juyawa har ya tafi sak. Idan tsagin bai fita daidai ba, ko bakin bututun ya sami gurbi, harsashi zai fita yana tangaɗi, ya bugi kwali a kwance kamar yadda ka gani. Saboda haka a sami masana sana'ar amintattu, biyu sun fi, su ɗora ta a kan madogara su gwada da harsashin da kamfanin ya ayyana. Alƙalan Musulunci ga ma'abota sana'a suke komawa wajen gane aibi da tsufansa.

Idan sun tabbatar, to a mazhabar Imam Malik zaɓi biyu gare ka: ka mayar ka karɓi kuɗinka cif, ko ka riƙe ta a haka ba tare da ragi ba, sai dai in kun sasanta da yardar juna. Idan kuwa wani lahani babba ya same ta a hannunka, ko dai ka riƙe a biya ka gwargwadon tsohon aibin, ko ka mayar ka biya na sabon. Harbin gwaji bai zubar maka da haƙƙi ba, tunda aibin ɓoyayye ne, ba ya bayyana sai an harba. Abin da zai zubar da shi shi ne ka ci gaba da farauta da ita bayan ka sani, domin hakan alamar yarda ce. Ajiye ta, ka kai kukanka da wuri.

Rubutun rasit kuwa ba ya kare mai shago. A wurin Malikiyya, sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya aiki a irin wannan haja, ko da mai sayarwa bai san da lahanin ba. Idan ya sani ya ɓoye, ya haɗa da zunubin algus. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Dokar cinikin kaya ta Gana ta 1962 ma tana bai wa mai saye kariya, don haka in dattawan unguwa sun kasa sasanta ku, ƙofar kotu a buɗe take.

Shawarar abokinka ita ta fi tayar mini da hankali. Ibn Majah ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Wannan a kan kowace haja ke nan, balle makami. Bindigar da ba a san inda harsashinta zai faɗa ba tana iya raunata dabba ta gudu daji ta mutu a wahale, alhali an umarce mu da kyautata kisa, kuma tana iya samun manomi a gonar maƙwabta. In an ga kumburi ko tsagewa a bututun, haramun ne a sake harba ta, don tana iya fashewa a fuskar mai riƙe da ita. Ban da haka, rajistar 'yan sanda da sunanka take, ba a miƙa wa wani bindiga sai da izininsu. Ko mai shagon za ka mayar wa, ka tabbata an gyara takardu an cire sunanka.

Allah ne mafi sani.