Ƙanena, matsalar ba daga yankan hoton take ba

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka ɗauki amarya a situdiyo, ka yanke ta a manhajar gyaran hoto ta Photoshop ka ɗora ta a kan duwatsun Shere da ke gefen Jos don hoton ya fito kamar a mafarki, sai ta fito kamar sitikar da aka manna a bayan keke: ƙafa ba ta taka ƙasa ba, gefen mayafi duk fari, kuma masu aiki sun hana ka ciko. Wallahi ina karantawa raina na ɓaci, don na sha wannan. Na ga wasu sun ce ka canza kwamfuta, wani ma ya ce ka miƙa wa manhajar AI ka huta. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Na buɗe hoton da ka saka na ƙara masa girma. Yankanka ba laifi, ya ma fi na wasu da suka daɗe a sana'ar. Amma dubi duwatsun da kyau. Inuwarsu ta kwanta hagu, wato rana tana dama, ta yi ƙasa, irin ta la'asar sakaliya. Ita kuwa amaryar haske ya doke ta daga gaba, fari fat. Rana biyu ke nan a hoto ɗaya. Ko wanda bai taɓa riƙe kyamara ba zai ji abu bai zauna ba, sai dai ya kasa faɗin mene ne. A ma'aunin kalar haske da ake kira kelbin, fitilar situdiyo tana wajen 5500, hasken faɗuwar rana kuwa yakan sauko wajen 3000 zuwa 3500, shi ya sa duwatsun suka yi ja-ja ita ta yi fari. Ni ba na kunna fitila sai na riga na zaɓi hoton wurin da zan ɗora mutum, in buɗe shi a waya in jingine a gabana. Inda rana take a can, nan nake kai babbar fitila, da gefenta da tsayinta. In ranar yamma ce sai in sauke fitila ɗaya ta bayan kafaɗa, in rufe bakinta da leda ruwan lemo, ta zana mini gefen fuska da na mayafi. In kuwa hoton irin na watan Agusta ne da gari ya lumshe, sai a tace hasken da farin ƙyalle, babu inuwa mai kaifi ko ɗaya.

Maganar cikon da aka hana ka ita ta fi tsaya mini a rai. Bari in ba ka nawa, ko ka ji sanyi.

Wata mai kwalliyar amare ce ta kawo mini aiki, ita ce tsakanina da gidan amarya. Yarinyar tana son hotonta a gaban ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, can ƙasan Hawan Kibo, amma mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta bi mai hoto daji ba ana saura kwanaki ɗaurin aure, kuma gaskiyarsa ce. Aka kawo ta shagona da gwaggonta. Gwaggon nan ta dube ni ta ce, "Ɗana, hoton nan na ɗakinta ne, ban yarda idon kowa ya gan shi ba." Na ce in sha Allahu. Leshi ne mai duwatsu, ga mayafi shara-shara har ƙasa, ga lalle a hannu. Da janareta na kwana ina yi, ina bin zaren mayafin ɗaya bayan ɗaya, har feshin ruwan sai da na sa ya ɗan taɓa gefen zanenta. Ban taɓa aikin da ya kwanta mini kamarsa ba. Na tura wa mai kwalliyar ƙaramin samfuri da sunan shagona a kai, don ta nuna wa amarya kawai.

Ka san abin da baiwar Allahn nan ta yi? Ta sa shi a manhajar waya ta goge sunana, ta mayar da yarinyar fara fat har hancinta ya ɓace, lallen ya koma jirwaye, sannan ta ɗora a Instagram tana tallar kwalliyarta. Ba a ma ɗaura aure ba! Ranar Asabar da safe ina shago, ga yarana masu koyon aiki, ga wani dattijo ya zo ɗaukar fasfo, sai ga yayan ango da mutanensa. Ko sallama babu. Ya tura mini waya har tana taɓa hancina, ya ce, "Kai ne mai tallar matan mutane?" Makwabta suka fito. Dattijon nan ya ɗauki hularsa ya fice bai ce uffan ba, kuma wallahi fitarsa ta fi zagin yi mini ciwo, don abokin mahaifina ne. Na kira mai kwalliyar, waya a kashe. Da ta kunna sai ta ce wa gidan ai ni na fara yaɗawa ta gani ta ɗauka. Daga baya na ji ashe tun tuni an ba ta kuɗina cif, kafin alƙalami kawai ta miƙo mini ta danne sauran. Gwaggon ce kaɗai ta tsaya ta ce yaron nan bai yi kama da mai cin amana ba, Allah ya saka mata da alheri. Firem ɗin har yau yana shago, na juya fuskarsa bango. Kwanakin baya muka haɗu da matar a wani biki a Rayfield, wai har da ce mini, "Oga, ya aiki?" Na dube ta kawai. Na bar ta da Allah, amma ban ce na yafe ba.

Don haka kai da masu aikin da kansu za ku yi ciniki, baki da baki, ban da ɗan tsakani. Ka karɓi abin da zai rufe maka mai da firintin tun kafin ka taɓa kyamara. Samfuri kuma a zo shago a gani a kwamfutarka.

To, mayafi. Farin bango ka yi amfani da shi, na gani, shi ne ya maƙale cikin ramukan ƙyallen. Koren ƙyalle ma ba na so, yana feso kore a fata da duwatsun leshi, ka wuni kana wankewa. Nemi bango ruwan toka, ka matso da amaryar gaba kamar taku uku ko huɗu. Wajen haɗawa a Photoshop ka yi leya biyu, wato kwafin hotonta biyu, ɗaya a kan ɗaya: ta sama ka yanke jiki da duk abin da ba a ganin bayansa, ta ƙasa ka bar mayafin da tokarsa ka mayar da ita Had Layit, ɗaya daga cikin salon gauraya leya da abin da ke ƙarƙashinta. Tokar za ta ɓace, duwatsu su riƙa leƙowa ta cikin mayafin yadda ido ya saba gani. Wannan da ka riga ka ɗauka a farin bango, gwada salon Maltifulai a leyar ƙasan, shi fari yake cinyewa. Ba zai yi kyau kamar na toka ba, amma zai fitar da kai kunya.

Ƙafa kuma inuwa biyu take so. Akwai 'yar siririya mai duhu daidai inda zane ya taɓa ƙasa, sai doguwa mai laushi da ta bi inda inuwar duwatsun ta bi. Ta farkon ita mutane ke mantawa. In abin ya ƙi, yanko ciyawa daga hoton wurin ka rufe bakin zanen da ita, babu wanda zai kama ka. Wani abu kuma, a tsaye ka ɗauke ta, kyamara daidai ƙirjinta, amma hoton Shere daga sama aka ɗauko shi ana kallon gangare. A fili shimfiɗaɗɗe, layin da sama ta haɗu da ƙasa yana ratsa mutum ne daidai tsayin da kyamara take. Ɗauka daga ƙirji, layin ya bi ta ƙirji. Kuma in da gilashin kyamara mai jawo abu kusa, irin mai milimita 85, ka ɗauki mutum, kada ka kawo wurin da aka ɗauka da faffaɗan gilashin waya.

Shi ya sa nake jin haushin masu sauko da dusar ƙanƙarar Turai daga intanet su dasa amarya da atamfa a ciki. Muna Jos fa! Mutanen Abuja sai sun fita har Dutsen Zuma ko tafkin Jabi, mu kuwa ga Shere a bayan gida, ga Dutsen Riyom, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari a Rayfield, ga shingayen ƙerana a ƙauyuka. Garin da ke sama da teku da kusan mita 1,200, hazon da wasu ke wahalar zanawa da burushi kyauta muke samunsa da asubar damina. Mafarkin da kake nema yawancinsa hazon nan ne: dutsen nesa ya fi na kusa dusashewa, ya ɗan yi shuɗi. Ka sa hazo kaɗan a bayanta, kaɗan a gaban ƙafarta, sai ta shiga cikin wurin. Daga ƙarshe ka haɗe komai a leya ɗaya, ka kwafe ta ka dusasar, ka rage ƙarfinta sosai har sai ana shakkar ko an sa. Kada ka taɓa kalar fatar mutane don Allah, yadda Allah ya yi ta haka danginta suka san ta.

Hoton hunturu daban ne, ƙura tana kashe shuɗin sama, komai ya koma ruwan ƙasa, yana yi wa shadda mai duhu kyau ƙwarai. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, kowane wuri ka ɗauka a tsugune, ka ɗauka a tsaye. In za ka hau Shere kada ka tafi kai kaɗai da kaya, ka nemi ɗan gari, ka gaida mutanen wurin, ka sauko kafin magariba. Turo mini asalin fayil ɗin ta WhatsApp, amma a matsayin dokumen don kada ya matse shi, kuma sai in amaryar ta yarda. In duba mayafin in an kawo wuta.