Tambaya da Amsa: Ina za mu kai yara yawon buɗe ido, kuma da gaske ne akwai maganin dorina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Marwa, babbansu yana da shekara 14, autar kuma 6. Maigidana ya yi musu alkawarin cewa a hutun Disamba zai kai su su ga wuraren da suke gani a waya, kamar duwatsun Rumsiki da gandun dajin Binuwai. Tun da aka yi maganar nan barcina ya ragu, domin ina tsoron zaki da macizai da halin da hanya take ciki. Ƙanen maigidana ya ce mu bar zancen daji mu tafi tafkin Lagdo, wai ya san wani mai kwale-kwale da yake kai baƙi har gaban dorinai su ɗauki hoto, kuma mutumin ya gaji maganin dorina tun daga kakanninsa, ba ta taɓa jirginsa. Don Allah, a cikin wuraren da ka zaga wanne ne ya fi kyau, kuma wanne ne hankalin uwa zai kwanta da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran, ya kuma saka wa maigida da alheri da ya yi tunanin nuna musu ƙasarsu. Kina da gaskiya da kika damu, sai dai a cikin dukan abin da kika lissafa, shawarar ƙanen maigidanki ce ta fi tayar mini da hankali, kuma a kanta zan daɗe. Bari in fara sallamar tambayar kyau tukuna.

A Arewacin Kamaru ban ga na biyun Rumsiki ba. Duwatsun nan da suke tsaye ɗai-ɗai kamar an kafa taɓare a tsakiyar kwari ragowar tsaunuka ne masu aman wuta, waɗanda ruwa da iska suka cinye jikinsu suka bar ƙashin tsakiya, kuma mafi shahararsu ya kai mita 1,224 daga doron teku. Daga Mokolo kimanin kilomita 55 ne, amma hanyar tana cin lokaci fiye da yadda lissafin kilomita zai nuna. Wanda ya je a Disamba yana caca da hazo, domin akwai ranakun da hunturu yake rufe kwarin gaba ɗaya, mutum ya sha wuyar hanya ya koma bai ga komai ba sai farin sarari. Ga shi kuma garin yana bakin iyakar Najeriya, saboda haka kada maigida ya yanke shawara sai ya tambayi hukuma da direbobin tashar Mokolo halin da hanya take ciki a wannan makon da za a tafi. Gandun Waza, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700, shi ne gidan raƙumin dawa da jimina, amma tun watan Fabrairun 2013, lokacin da aka sace wasu Faransawa 7 'yan gida ɗaya a wajen garin Dabanga da ke kusa da gandun, zuwa can ya zama abin da ake yi da dogon bincike, kuma ni ban ba ki shawarar kai yara ba.

A kan hanyarku ta zuwa Garwa ku ratsa Gidar ku ga kwazazzaban Kola, inda kogin Mayo Luti ya sassaƙe baƙin dutse ya bar lunguna masu santsi da mutum zai bi ta cikinsu da ƙafa a lokacin rani. Da damina ba a shiga, ruwa yana cika su. Idan kuwa ana zancen abin da ya fi ba ni mamaki a duk yawona, to a Cadi yake, wato tafkunan Uniyanga guda 18 da suke kwance a tsakiyar Sahara inda ruwan sama kusan ba ya sauka, da kuma duwatsun Enedi, inda raƙuma suke shan ruwa a wani gurbi da ake kira Gelta Arshe a tsakanin bangayen dutse. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu ta sa Uniyanga cikin wuraren gadon duniya a 2012, Enedi kuma a 2016. Wannan tafiyar kwanaki ce daga Njamena a cikin mota mai ƙarfi da guzurin ruwa da mai, kuma ta manya ce, a bar ta sai yara sun girma.

Ga iyali irin naku, gandun dajin Binuwai da ke tsakanin Garwa da Ngaundere shi ne zaɓina. Zakin da kike tsoro yawancin baƙi suna kwana biyu suna nemansa ba su gan shi ba, kuma muddin kowa yana cikin mota tare da mai gadin daji, ba shi da ruwa da ku. Maganin maciji takalmi rufaffe ne da tocila da dare, da hana yara zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse.

Yanzu mu zo ga dorina, Hajiya, kuma ki yi haƙuri idan muryata ta ɗaga, domin kusan kullum sai na yi wannan gardamar da wani. Mutanenmu suna yi wa dorina ganin kitse ga rogo. Suna ganinta kwance a ruwa, ido da kunne kaɗai a waje, tana buɗe baki kamar mai jin barci, sai su ce saniyar ruwa ce, ciyawa take ci, ba ta da mugunta. Gaskiya ne ciyawa take ci, tana fita da dare ta ci abin da ya kai kilo 40 kafin gari ya waye, amma ba yunwa ce take sa ta kashe mutum ba. Namijin dorina yana da yankinsa a cikin ruwa wanda yake karewa daga duk abin da ya shigo, macen kuma idan tana da ɗa ba ta yarda da komai ya raɓe ta. Nauyin babban namiji yakan kai kilo 1,500, wasu ma su wuce haka nesa, haurensa na ƙasa yana iya kai santimita 50, kuma a tudu yana gudun da ya kai kilomita 30 a awa ɗaya, abin da babu ɗaya daga cikin yaranki da zai tsere masa. Buɗe bakin nan da baƙi suke tafa wa suna ɗaukar hoto ba hamma ba ce, gargaɗi ne, tana nuna wa mai zuwa makamanta. Kowa a cikinmu ya san bulalar da ake kira dorina da irin zafinta, to ki tuna cewa daga fatar dabbar nan ake yanko ta, sannan ki auna abin da sanda ko filafilin mai jirgi zai yi mata.

Abin da ya sa kwale-kwale ya fi ko'ina hatsari shi ne dorina tana nutsewa ta yi kamar minti 5 ba ta fito ba, tana tafiya da ƙafa a ƙasan ruwa, kuma a ruwan da ya gurɓace babu mai iya cewa ga inda take. Mai jirgi yana ƙirga kawuna bakwai a gabansa, ta takwas tana ƙarƙashinsa. Idan ta taso da jirgin, wanda ba ta ciza ba ruwa ya ci shi, musamman yaro. A watan Nuwamban 2014, kusa da Yamai a Nijar, dorina ta kifar da wani jirgin ruwa mutum 13 suka rasu, kusan dukansu yara 'yan makaranta. Su ma ba tsokanarta suka je yi ba, ƙetare kogi kawai suke yi, balle wanda ya tuƙa jirgi da gangan ya nufi tsakiyar garke don a ɗauki hoto. Kuma lokacin da baƙi suka fi son zuwa, wato rani, shi ne lokacin da ruwa yake janyewa, dorinai su cunkushe a ƙananan gurabe, maza suna faɗa, kowanne yana ɗauke da rauni da fushi.

Zancen magani kuwa, na gaji da jin sa. Shekarun baya an kira mu wani ƙauyen masunta mu duba wani kwale-kwale da aka jawo bakin gaɓa. Gefensa ɗaya ya ɓalle kamar an sa gatari, a ƙasansa akwai huji biyu da dunƙulen hannuna yake shiga cikin kowanne, kuma a goshin jirgin layar nan tana nan ɗaure cikin jar fata, ko jiƙewar kirki ba ta yi ba. Mai jirgin ya rayu, amma ƙafarsa ba ta ƙara takawa daidai ba. Da na je gaishe shi, bai ce layar ta gaza ba, cewa ya yi ɗaya daga cikin fasinjojin ne ya shigo da rashin tsarki ya karya maganin. Haka maganarsu take kullum. Idan an je an dawo lafiya, magani ne ya yi aiki, a ƙara kuɗi. Idan an yi asara, laifin wanda ya mutu ne, shi kuma ba ya nan balle ya musanta.

Ban raina ilimin masunta ba, kada a fahimce ni a baibai. Tsofaffin masunta da sarakunan ruwa na gaskiya sun san kogi fiye da mu da muka yi karatun dabbobin daji a aji. Sun san gurbin da garke yake kwana, sun san mace mai sabon ɗa, suna bin gefen da ruwa ba shi da zurfi domin su bar wa dorina hanyar gudu zuwa zurfi, suna buga gefen jirgi da filafili don ta ɗago kai su san inda take. Dukan wannan ilimin na kauce mata ne. Duk wanda ya ce miki iliminsa na kusantarta ne, to kasuwa yake yi da 'ya'yan mutane. Na san za a ce ai ga hotunan mutumin da yake ba dorina abinci da hannu a bakin Binuwai a Garwa. Dabba ɗaya da ta saba da mutum ɗaya ba ta zama hujja a kan sauran da ke Lagdo ko tafkin Maga ko kogin Logon ba, kuma ko ita ɗin, sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsakanin Marwa da Lagdo za a tsayar da ku sau da yawa a duba katin shaida da takardun mota, a juya su gaba da baya, amma idan kun isa bakin ruwa da wuya ki ga wanda zai ƙirga mutanen da aka loda a jirgi ko ya tambayi ina rigunan ceto. Tun da babu mai yi muku wannan aikin, ku yi wa kanku.

Idan kika faɗi haka a gida, wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi game da raƙumi, cewa ya yi a ɗaure shi sannan a dogara ga Allah. Babba idan ya jefa kansa cikin hatsari, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma yarinya 'yar shekara 6 ba ta zaɓi shiga jirgin nan ba, hannunta aka riƙa aka sa ta, kuma amana ce da za a tambayi wanda ya riƙa hannun. Sannan mu da muke sallah biyar, ya kamata mu ji kunyar rataya rayukan 'ya'yanmu a kan ƙullin fata da ba mu san abin da aka naɗe a cikinsa ba.

Wannan ba ya nufin kada ku je Lagdo. Tafkin yana kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, ya samu ne daga madatsar da aka gama ginawa a 1982, kuma da yamma, idan rana ta faɗa bayan duwatsu masunta suna dawowa, kallo ne da ya cancanci kuɗin mai. Ku kalle shi daga tudu, ku ci gasasshen kifi, amma kada yara su yi wanka ko wasa a ruwan, domin ban da dorina da kada akwai tsargiya, wadda take shiga ta fata ba tare da an sha ruwan ba. Idan kuna tafiya a bakin gaɓa kuka ga wata 'yar hanya da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, da sawu mai faɗi mai yatsu huɗu da kashi a watse jikin ganyaye, to turbar dorina ce, kada a zauna a kanta, kuma kada a bi ta da asuba ko bayan magariba, domin wanda ya shiga tsakanin dorina da ruwanta ya tare mata hanyar gida.

Dorinan da yara suke son gani za su gan su a gandun Binuwai, daga saman gaɓa mai tsayi, mai gadin daji yana tsaye kusa da su. Ku ari madubin hangen nesa ko da guda ɗaya ne su riƙa karɓa-karɓa, ku isa wurin da la'asar lokacin da garken yake fara motsi da gurnani, kuma ki riƙe hannun autar da kanki. Shi kuma ƙanen maigida, a gaishe shi, a ce masa kujerarsa tana nan a motar.