An ce in biya a ɗaga wa 'yata makin JAMB

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta samu 186 a jarabawar JAMB (UTME) ta bana, ga shi likitanci ta cike a jami'ar tarayya. Tun da sakamakon ya fito ko abincin kirki ba ta ci. Wani a unguwarmu ya ce yana da mutum a JAMB, in na kawo naira dubu 250 za a mayar da makin 270, ko a sa sunanta a makarantar kai tsaye. Har na fara shawarar sayar da ɗan kunnena. Me ka gani? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki bar ɗan kunnenki a kunnenki.

Babu wani abu wai shi ɗaga maki. Duk shekara ina faɗa har bakina ya gaji, amma da sakamako ya fito sai iyaye su sake faɗawa hannun mutanen nan. Abin da suke yi bai wuce su shiga shagon kwamfuta ba, su goge 186, su rubuta 270, su bugo miki takarda mai tambari da hoton yarinya. Jami'a kuwa ba takardar hannunki take dubawa ba, abin da JAMB ta aiko mata shi ne a gabanta. In kina shakka, ki tura UTMERESULT zuwa 55019 da layin da aka yi rajista da shi, makin gaskiya zai dawo miki. Mafi muni, za su nemi lambar rajistarta da kalmar sirrin shafinta, daga nan kuma sai yadda suka ga dama. Ranar tantancewa yarinyar za a kama da takardar jabu, shi mai "mutum a ciki" ya riga ya kashe waya.

Maganar sa suna ta bayan fage ta fi ba ni takaici. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS yake bi: makaranta ta gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga da kansa ya karɓa. Wanda ya shiga ba ta nan ba, sunansa ba ya cikin rajistar JAMB. Sai ya gama karatu, an zo maganar bautar ƙasa, a ce ba a san da shi ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma Hajiya, wannan gurbin haƙƙin ɗiyar wani ne da ta kwana tana karatu. Yarinyar da kika fara saya wa maki, me za ki ce mata gobe in ta sayi jarabawar asibiti?

Gaskiya 186 cikin 400 ba zai ba ta likitanci ba, ko da kason yanki ko na jihohin da ke baya a ilimi. Ku je cibiyar jarabawar kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita, a canza mata kwas zuwa wanda makinta ya kai, a kuma tabbatar an ɗora sakamakonta na WAEC ko NECO, don rashin ɗora shi kaɗai na hana yara da yawa gurbi. In kuma ta dage sai likitanci, ta sake zama baɗi, ko ta yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ta nemi shiga aji biyu, muddin tana da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.