Kalmomin Turanci masu harafi biyar da Q a ciki: na gasa daban, na jarrabawa daban

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu na babbar sakandare, ina cikin waɗanda za su wakilci makarantarmu a gasar Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci da ƙwayoyin haruffa a kan allo. Harafin Q ne ke kashe ni, in ya zo hannuna babu U sai ya maƙale har a tashi wasa. Malamin lesinmu ya sayar mana da handawut cike da kalmomi masu harafi biyar, babu ma'anar ko ɗaya, ya ce mu haddace, wai in mun zuba su a insha'in WAEC mai maki zai san mun iya Turanci. Ina ta hadda ina mantawa, hankalina ya tashi. Waɗanne kalmomi ne ke da Q ba tare da U ba, mece ce ma'anarsu, kuma maganar WAEC ɗin gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗana, matsalar Q mai sauƙi ce. Ka riga ka san Q ɗaya ne tak cikin ƙwayoyi 100, U kuma huɗu ne, saboda haka zaman jiran U asarar wasa ce. In aka tashi yana hannunka an cire maka maki 10, an ƙara wa abokin karawarka.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne rabin kalmomin da kake nema ka girma da su a Islamiyya. Ƙamus ɗin Collins, wanda da shi ake buga manyan gasa a Najeriya, ya yarda da QIBLA, wato alƙibla, da NIQAB, niƙabin da mata ke rufe fuska da shi, da TALAQ, sakin aure, da FAQIR, fakiri ko mabaraci mai gudun duniya. QADI alƙali ne, harafi huɗu, ka ƙara S ya zama biyar. Duk daga Larabci Turanci ya aro su, kamar yadda Hausa ta aro. Sai QANAT, ramin ƙarƙashin ƙasa da ake jawo ruwan ban ruwa da shi a Iran, da TRANQ, maganin kwantar da jijiya, da QORMA, wata miyar nama ta Indiya da Pakistan. BURQA tana da U, amma ba bayan Q ba. Kada kuma ka raina gajeru, don su ne ke ceton mutum a ƙarshen wasa idan allo ya cushe: QI, ƙarfin rai a tunanin mutanen Sin, da QAT, ganyen da ake taunawa a Yaman da Somaliya. Kafin ranar gasa ku tambayi masu shiryawa da wane ƙamus za a yi hukunci, domin wasu daga cikin waɗannan babu su a ƙananan ƙamus na makaranta.

Yanzu bari mu zo kan malamin lesinku, don nan ne raina yake ɓaci. Wannan magana ta cewa a haddace baƙin kalmomi a watsa su cikin insha'i don a burge mai maki ƙarya ce, kuma tana kayar da yara masu ƙwazo kowace shekara. Kullum ina cin karo da ita. Yaro zai rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta yana roƙon a gyara famfo, jimlarsa tana tafiya lafiya, kwatsam sai ya jefo wata ƙatuwar kalma da bai san inda take zama ba, don kawai an ce masa ita ce Turanci. Jimlar da ta cancanci maki sai ta koma kuskure.

Ka duba yadda ake raba makin. Insha'in WAEC kalmomi kusan 450 ake so, maki 50 ne, kuma 20 daga ciki na yadda ka bayyana maganarka ne: kalmar ta dace da wurin? jimlar ta tsaya da ƙafarta? Wasu 10 kuma na ƙa'idar rubutu ne, inda kowane kuskuren harafi ko na aya ke zaftare maka wani abu. Babu wani gurbi da aka ware wa wanda ya kawo kalmar da mai maki bai taɓa ji ba. Mutumin nan yana da tulin takardu a gabansa da jan biro a hannu, abin da yake nema shi ne ya gane me kake faɗa ba tare da ya koma baya ba. Ka rubuta masa TRANQ a tsakiyar labarin ranar Sallah, layi zai ja a ƙarƙashinta ya wuce.

In kana son hujja cewa haddar jerin kalmomi ba iya harshe ba ce, ga ta daga cikin wasan da kansa. A shekarar 2015 Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya lashe gasar Scrabble ta duniya ta harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin ya haddace cikin 'yan makonni. Gwani ne a allo, amma ba zai iya rubuta maka wasiƙa da harshen ba. A shekarar 2015 ɗin dai namu Wellington Jighere ya ci ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Wasa ne na lissafi da tunawa da dabarar toshe allo, yana da darajarsa, sai dai jarrabawa wani fage ce dabam.

Mai sayar da handawut ya san da haka ko bai sani ba, oho, ya dai kwafo jeri daga intanet, ya kai shagon fotokwafi, ya karɓi kuɗin iyayenku. Bai ma ɗauki wahalar rubuta ma'ana ba. Irin waɗannan takardu sukan zo da kurakuran bugu, da sunayen garuruwa da na mutane waɗanda dokar Scrabble ta hana. Ka ajiye ɗaya a allo a ƙalubalance ka, za ka kwashe ƙwayoyinka, ka kuma rasa zagayen. Mantuwar da take damunka ma daga nan take: ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abin da ba ta rataya shi a jikin wata ma'ana ba. Na tabbata QIBLA ta riga ta zauna maka daga karanta wannan amsa.

Kalmomin Q da za su amfane ka a jarrabawa su ne masu U ɗin da kake rainawa. QUIET da QUITE haruffansu ɗaya ne, an sauya musu wuri kawai. Ta farko shiru ce, ta biyu kuwa ƙarfafa magana take yi, kamar a ce sosai ko ba laifi. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki. QUEUE layin da ake bi a banki ko gidan mai ne, kuma rubuta ta daidai ma aiki ne. QUERY tambaya ce, a ofis kuma takardar neman ba'asi da ake ba ma'aikaci. QUOTA kaso ne da aka ƙayyade, QUACK likitan bogi.

Ka sayi littafin rubutu biyu. Na farko na gasa, a ciki kowace kalma sai ka tabbatar da ita a Collins, ka rubuta ma'anarta a gefe da ko tana karɓar S. Na biyu na jarrabawa, kada kalma ta shiga cikinsa sai wadda ka tsinta a jarida ko littafin karatu, ka kwafo jimlar da ta zo a ciki, ka gina taka, ka kai wa malamin Turancinku na makaranta ya duba. Allah ya ba ku nasara a gasar.