Amsa kan 1 da aka soke a furofa fakta na 28

Assalamu alaikum. To Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce yaro ya rubuta furofa fakta na 28 da 1, 2, 4, 7, 14, malami ya soke 1 ɗin da jan biro ya rage masa maki, kina tambaya wa ke da gaskiya. Yaron nan bai yi kuskuren lissafi ba. Shi ma malamin ba daga kansa ya ƙago ba, bayani iri biyu ne ke yawo a littattafai.

Fakta dai an sani, lamba ce da ta raba wata lambar tsaf ba ragowa. 28 tana da guda shida: 1, 2, 4, 7, 14, 28. Da aka zo kan furofa, wasu littattafan suka ce a cire ita lambar kaɗai, wato 28, saura biyar. Wasu suka ce a'a, a haɗa da 1 a cire, tunda 1 tana shiga kowace lamba, saura huɗu. Don haka ki buɗe littafin da ajinsu ke bi ki duba wanne aka rubuta. A jarrabawar makaranta wannan zai bi, kada ya je yana musu da malami.

Amma in ni aka tambaya, na farkon ne daidai, kuma abin da ya sa raina bai so ba shi ne 28 aka zaɓa aka yi wa haka. Duk lambobin duniya sai 28! Ki tara abin da yaron ya rubuta: 1 da 2 uku, da 4 bakwai, da 7 sha huɗu, da 14, ashirin da takwas. Ta dawo kanta cif. Irin waɗannan ake kira cikakkun lambobi, kuma ba su da yawa: 6, 28, sai 496, sai 8128. Girkawan da sun san waɗannan huɗun, Yuklid ma ya ba da hanyar samo su wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. To ki cire 1, me ya rage? 27. Zancen ya rushe gaba ɗaya. Haka 220 da 284. Furofa faktocin 220 su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55, 110, ki tara, 284 za ki samu. Na 284 kuma 1, 2, 4, 71, 142, jimla 220. Kowace tana ba da 'yar'uwarta. Masanin lissafi Sabit bin Ƙurra a Bagadaza ya yi aiki a kan irin waɗannan tun ƙarni na 9, har ya fitar da ƙa'idar nemo su. Duk wannan da 1 ake yi. Sannan mutum ya zauna ya rubuta littafin yara ya ce... to, bar wannan, ba shi kika tambaya ba.

Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne yaron ya iya fito da faktocin duka ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, don nan ne maki ke zubewa da gaske. 28 ƙarama ce, ba ta nuna komai. Ki ba shi 84. Yawancin yara za su rubuta 1, 2, 3, 4, 6, 7, 12 su tsaya, saboda jadawalin sau da suka haddace a 12 ya ƙare. Sun bar 14, 21, 28, 42 da ita 84 ɗin.

Maganin shi ne a nemo su bibbiyu. 1 sau 84. 2 sau 42. 3 sau 28. 4 sau 21. 5 ba ta shiga, tunda lambar ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. 6 sau 14. 7 sau 12. 8 ba ta shiga, ragowa 4. 9 ba ta shiga, ragowa 3. Nan zai tsaya. Me ya sa? Domin 10 sau 10 ɗari ne, ya wuce 84. Duk fakta da ta kai 10 ko ta fi, abokiyarta tana ƙasa da 10, an riga an kama ta. Ƙidaya ta ba da 12.

Akwai kuma hanyar tabbatarwa. Ya farfasa 84 zuwa lambobin firam, wato waɗanda faktocinsu biyu ne kawai, 1 da su kansu: 2 sau 2 sau 3 sau 7. 2 ta fito sau biyu, ƙara ɗaya, uku. 3 sau ɗaya, ƙara ɗaya, biyu. 7 ma biyu. Uku sau biyu sau biyu, 12. In abin da ya lissafa bai kai 12 ba, ya san akwai wadda ta ɓace. Daga nan furofa ba wahala: cire ɗaya ya zama 11, ko cire biyu ya zama 10, gwargwadon littafi.

Yauwa, na ce bibbiyu, amma a kula da irin su 36. In ya iso 6 sau 6, sau ɗaya ake rubuta 6, ba sau biyu ba. Shi ya sa 36 take da tara, mara, ba cika ba. Duk lambar da ta fito daga wata lamba sau kanta haka take: 16 tana da biyar, 49 tana da uku.

Sai kuma 91, wadda kullum ake faɗawa ramin ta. Ba ta rabuwa da 2, ba 3, ba 5, sai yaro ya ce firam ce ya wuce. Har manya. 7 sau 13 ce fa! Gwaji ɗaya ya rage masa, na 7, ya ƙi yi. 51 ma haka, 3 sau 17, alhali da ya tara 5 da 1 ya ga 6 ya san 3 tana shiga. 57, 3 sau 19.

Ita lambar firam ta gaske, kamar 13, a bayani na farko furofa faktarta ɗaya ce tak, wato 1, a na biyu kuwa babu ko ɗaya. Ita lambar 1 ɗin kanta ba ta da furofa fakta a duka biyun.

Yau da daddare ki ba shi 72, 91 da 100. Ya kamata ya samo sha biyu, huɗu, da tara. In 100 ta ba shi goma, to 10 ya rubuta sau biyu. Wassalam.